Matatsan Gajimare da Shanun Mantuwa

Duk wanda ya taka ƙasashen da na taka, ya sha ruwan da na sha, ya ga abin da idona ya gani, ba ya komowa gida yadda ya fita. Ni dai na komo da takalmi ƙafa ɗaya.

Sunana Jatau, mutumin Rataya, garin da ke maƙale a kafaɗar Dutsen Ƙishi, can inda ƙasa ta gaji da kwanciya ta miƙe tsaye. A garinmu ba a ruwan sama. Gajimare kan zo ya tsaya a kanmu, ya dube mu kamar attajirin da ya hango dangin matarsa, ya wuce abinsa. Kakanninmu suka ce tunda ba ya saukowa, sai a hau masa. Suka kakkafa turaku a ƙwanƙolin duwatsu, suka miƙa igiyoyi daga tsauni zuwa tsauni. Mutum ya rataya da salka a baya, ya kamo gajimare ya tatse shi kamar saniya. Masu wannan aiki su ne matatsa, kuma abin da suka sauko da shi a lokacin manyan gajimare shi muke sha har shekara ta zagayo.

Ni ba matatsi ba ne. Na yi karatu, na san sunayen taurari da hukuncin rabon gado, abubuwan da ba su taɓa hana kowa faɗowa daga igiya ba. Matata Lanti ce matatsiya. Ba igiya ce ta yi ajalinta ba, zazzaɓi ne, a kan gadonta, abin da na tabbata ta ɗauka raini ne. Ta bar mini 'ya guda. 'Yar fari ce, don haka kada ku sa ran jin sunanta a bakina. A Rataya uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san yana gidan. Na riƙe wannan al'ada da kyau, har maƙwabta na ba da misali da ni.

Wata safiya ta ajiye mini koko, ta ce, "Baba, na ba da sunana wajen Baffa Tankari. Bana da ni za a hau."

Na ce, "Kokon nan ya yi ruwa."

"Jiya ka ce ya yi kauri."

"Jiya ya yi kauri."

Ta tsaya kaɗan ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Kokon kuma ban sha ba.

Ga abin da ya hana ni sha. Muna da wata al'ada da ake kira Wunin Faɗi. Ana gobe za a hau, Sarkin Igiya kan tara sababbin matatsa ya zaunar da su daga fitowar rana har faɗuwarta, ya zazzage musu duk abin da aka sani game da aikin: ƙulle-ƙullen igiya, halin kowace iska, yadda ake gane gajimaren da ke ɗauke da tsawa. In ya gama ya ce, "Kun gane?" Su amsa, "Mun gane!" A raba waina. Gari ya waye su hau. Kuma kowace shekara, cikin sababbin, akwai waɗanda sai salkarsu ake kawo wa iyayensu. Ba wawaye ba ne. Sau da yawa su ne waɗanda muryarsu ta fi ƙarfi wajen amsawa. Idan iska ta taso daga ƙasa, ƙulli ɗaya ne ke ceton mutum, ana ce masa ƙullin kunkuru. Kowa an faɗa masa. An faɗa masa ne tsakanin azahar da la'asar, ciki cike da waina.

Sarkin Igiya na lokacin shi ne Tankari, ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa kirana da suna ba. Na same shi yana murza igiya a gindin tsamiya.

"Bawana! Me ya fito da kai da tsakar rana? Tawada ta ƙare?"

"Tafiya zan yi. Neman ilimi."

"Kai da ilimi ya yi maka yawa har yana fita ta hanci?"

"So nake in san inda magana take zuwa bayan ta shiga kunne."

Ya daina dariya. Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Saboda ita ne," ya kuma ambaci sunanta, don ya san ba na so.

"Ban san wadda kake nufi ba."

"To, in ka samo ka kawo mini. Na gaji da zuwa ta'aziyya gidan yaran da suka ce mini sun gane."

Ranar da zan fita, yarinyar ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da ƙunshin yaji. Ba ta tambayi inda za ni ba, ban faɗa ba. A bakin zaure ta ce, "Yajin da zafi, Baba, kada ka zuba da yawa." Na dubi bango na ce masa a riƙa rufe ƙofa da wuri.

Na sauka dutse, na ratsa dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya, na bi ayarin masu gishiri har suka gaji da gyaran da nake yi wa maganarsu. Duk inda na tambaya aka ce mini in ilimi nake nema, in nufi Birnin Mazurari.

Tun daga nesa na lura mutanen birnin duk kansu a karkace yake, suna tafiya sannu-sannu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. A can ba a koyar da ilimi, dafa shi ake yi. Malamai na da manyan tukwane a tsakiyar kasuwa, wannan na ilimin gini, wancan na magani, wancan na shari'a. Mai son sana'a ya kwanta a gefe ɗaya, a soka masa mazurari a kunne, a ɗura masa tukunya guda, a toshe da auduga. Ya tashi ya zama gwani, aka ce.

Na tsaya na yi kallo. Ludayi na farko yakan shige. Na biyu ma haka, har na uku in mutum ya yi barci sosai. Daga nan sai in ga ruwan ya cika bakin kunne, ya gangaro ta wuya, ya jiƙe riga. Mai ɗurawa bai daina ba, wanda ake ɗura wa bai yi magana ba. Ban taɓa ganin garin da riguna suka kai na can ilimi ba.

Na ce wa babban malaminsu, wani mai rawani kamar ɗakin kaji, "Allah gafarta malam, kamar yana zuba."

Ya ce, "Mu namu ɗurawa. An ɗura?"

"An ɗura."

"To, aikinmu ya cika."

Na ce ai a garinmu ma haka muke yi, sai dai mu da baki. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce baƙo mai hankali irina ba zai fita birninsu da kai wofi ba. Kafin in yi godiya dogarai sun riƙe ni. Aka ce gobe za a ɗura mini tukwane na kowane fanni, karramawa ce. Wani baƙo da na tarar a masauki, wanda aka karrama bara, ya ce mini shi ma daga wani gari ya zo, yana jin akwai kogi a garin, ko kuma rijiya.

Da hantsi suka zo tafiya da ni. Hanyarmu ta bi ta ƙofar birni, wadda ke rufe. Dogaran kuwa ba a daɗe da ɗura musu ilimin tsaro ba, audugar kunnensu fara sol. Na roƙi a bar ni in ci guzurina kafin a karrama ni. Na kwance ƙunshin yaji, na juya wa iska baya, na karkaɗe shi duka. Yarinyar ta yi gaskiya, da zafi. Dogarai suka kama atishawa, audugar ta yi tsalle, ilimin tsaro ya tsiyaye a kafaɗunsu. Babbansu ya share hawaye ya dube ni.

"Malam, don Allah mu su wane ne?"

"Masu buɗe wa baƙi ƙofa."

Suka buɗe, har da yi mini fatan sauka lafiya. Na fita da abu guda: ƙofar kan mutum ƙarama ce, ba ta faɗaɗa don mai magana yana sauri.

Daga nan hanya ta kai ni Kwazazzabon Tambaya. Rami ne mai faɗi, an miƙa igiyoyi biyu a kansa, amma babu katakon takawa ko ɗaya. A bakinsa akwai wani dogon bango da aka sassaƙa wa kwatancen hanyar fadamar da ke tsallake, wadda in ka kuskure a cikinta ba a sake jin labarinka. Gaban bangon jama'a ne zaune, wasu gemunsu ya yi fari a wurin, suna karantawa suna maimaitawa, suna gyaɗa kai.

Mai tsaron gadar wani aljani ne ramamme, yana zaune yana sakace. Ya ce mini, "Ɗan Adam, ka'idar ba wuya. Ka juya wa bango baya, ka faɗi hanya da ka. Duk gaɓar da ka faɗa daidai, katako zai fito a ƙarƙashin ƙafarka."

"In na kuskure fa?"

"Taɓo ne a ƙasa. Ba ya kisa. Sai dai ana kallo."

"Waɗannan me suke jira?"

"Su ƙara karantawa sau ɗaya. Wancan mai jar hula tun ina saurayi yake ƙarawa."

Na yi murmushi irin na mai karatu. Na karanta bangon har sai da kowace kalma ta zama kamar fuskar ɗan'uwa. Da na duba sai in ji na sani. Na juya, na ɗaga murya. "A bi gabas har kukar da ta rabu biyu." Katako ya fito. "A bar tafkin agwagi a hannun dama." Wani ya fito. Na buɗe baki don na uku, na tarar ba kowa a gida. Na san na sani. Ina ganin inda rubutun yake a bango, har da tsagar da ke gefensa. Na ce, "A... bi ta hagun suri?"

Taɓon yana da sanyi, kuma gaskiyar aljanin ne, ana kallo.

Na hauro ina ɗiga, takalmina na hagu ya zauna can. Aljanin ya ce, "Gemunka ya yi kyau da baƙi. Je ka duba." Na duba bango: ta dama ne, ba hagu ba. Na sake hawa, na wuce suri, na faɗa a gaba. Na sake, na sake faɗawa. Mai jar hula ya kira ni gefe ya ba ni shawara, don Allah, in zauna in ƙara karatu kada in zubar da mutuncina. Amma na lura da wani abu. Duk wurin da na faɗa, ban ƙara kuskure a kansa ba. Har gobe in ka tashe ni daga barci ka ce suri, zan ce maka dama. Gaɓoɓin da na karanta sau ba adadi kuwa, su ne suke watsa mini ƙasa a ido.

Kafin rana ta yi sanyi na tsallake. Aljanin ya ɗago hannu ya ce, "Ka gaida gida. Takalmin kuma na gode, dama ƙafa ɗaya gare ni."

Bayan fadama sai ga wata makiyaya shimfiɗe, kore shar, da wasu fararen shanu marasa ƙaho suna kiwo. Ban ga suna cin ciyawa ba. Na ga dai mutane kwance a inuwa suna ƙailula, shanun na bin su ɗaya bayan ɗaya suna lasar goshinsu. Na tambayi wata dattijuwa da ke zaune a kan turmi, mutane na zuwa suna durƙusa mata. Magajiya Kuluwa ce, shugabar masu koyar da sana'a a ƙasar, daga masu haƙar rijiya har ungozomomi.

Ta ce, "Shanun mantuwa ne. Abin da ke kan mutum suke ci."

Na ja da baya. "Kuma kuka bar su? Ba ku da wuƙa?"

"Kakanninmu sun gwada. Suka kore su, kowa ya riƙa tuna kowane tari da maƙwabcinsa ya yi tun yana yaro. Aure ya gagara. Aka je aka ba su haƙuri suka dawo." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kana da zogale a gida?"

"Akwai."

"Wanda ake yanka da wanda aka bari, wanne ya fi ganye?"

Na ce ni ba manomi ba ne. Ta ce ta gani a hannuna.

Na zauna da su ina kallon yadda suke yi. Mai koyo a nuna masa abu kaɗan, ya yi da hannunsa, a sallame shi ya je ya kwanta shanu su lashe. Washegari a tare shi a ce ya yi, ba tare da an sake nuna masa ba. Ya yi ta lalube yana zufa, malamin na tsaye ya harɗe hannu. Sai ya gaza sarai ake taimaka masa. In ya iya, a ƙyale shi kwanaki, sannan a sake tare shi. In ya kuma iyawa, a ƙyale shi fiye da haka. Masu haƙar rijiya a cikin rami ake tambayarsu, ba a inuwa ba, kuma ba a gaya musu wace matsala za a jefo musu. Almajiran duk suna ƙorafi. Rijiyoyin ƙasar kuwa ba sa ruftawa.

Ni dai na naɗe goshina da rawani har gira, na ƙi yin ƙailula. Ba don ilimin taurari ba, wannan su cinye in sun ga dama. Akwai abin da nake ajiye da shi. Lanti ba ta kiran sunana, Mai-tawada take ce mini, kuma tana da yadda take jan ƙarshensa. Wannan muryar ita ce abin da ya rage mini. Na adana ta kamar turmin zane a ƙasan adaka, ba na fito da ita don kada ta koɗe. Na san dai tana nan.

Amma gajiya ba ta san alkawari ba. Wata rana bayan azahar na jingina da itace. Na farka na ji goshina da danshi, rawani a ƙasa, wata 'yar maraƙa na tsaye tana kallona da idon da ba shi da laifi. Na nemi muryar. Na san kalmar. Sautin ne babu.

Ba zan ce na yi kuka ba. Ƙasar tana da wata irin ƙura mai shiga ido.

Magajiya Kuluwa ta zo ta zauna kusa da ni. Da na gaya mata, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ce, "A ina take tsaye in za ta kira ka?"

"Ban sani ba. Ya tafi."

"Ban tambaye ka muryar ba. A ina take tsaye?"

Na ce, "Tsakar gida. Wajen turken shanya."

"Me ke hannunta?"

"Iya, ki bar ni."

"Me ke hannunta, ɗan nan?"

Na rufe ido, na yi ta lalube kamar almajiransu. Wuya ta yi wuya, na ce, "Igiya. Kullum igiya. Ko shanya za ta ɗaura sai ta yi mata ƙullin aiki, wai kada hannu ya yi sanyi." Ina faɗin haka sai ga tsakar gidan gaba ɗaya, da rana a kan bango, da kaza a bakin randa. Sai na ji ta, ras, kamar tana bayana: "Mai-tawadaa, zo ka riƙe mini bakin igiyar nan, ka yi amfani yau." Kuma ga wani abin da na shekara ban gani ba. A bayanta akwai 'yar mitsitsiyar yarinya, ta sami guntun zare, ta turo harshe waje, tana kwaikwayon hannun uwarta.

Magajiya ta ce, "Abin da ka kulle a adaka, asu ke ci. Wanda kake fitowa da shi ka sa, shi ke zama naka." Ta tashi tana dafa gwiwa. "Wa kake yi wa wannan tafiya?"

"Ilimi nake nema."

"'Yar fari ce ke nan," in ji ta. "Tashi ka tafi, kada gajimare ya riga ka."

Na iso Rataya da sauran watanni kafin hawa. Tankari ya dubi ƙafata ya ce, "Bawana, ilimin ne ya cinye ɗayan?" Na zauna na gaya masa abin da nake so a yi. Ya ce Wunin Faɗi gadon kakanni ne, ba a taɓa shi.

Na ce, "Kai wa ya koya maka ƙullin kunkuru?"

"A Wunin Faɗi mana."

"Tankari, a gidanku na girma."

Ya sosa ƙeya. Shi da ni mun san baban nasa. Mutum ne da kana cikin cin tuwo zai wurgo maka igiya ya ce, "Iska daga ƙasa!" In ka tsaya wanke hannu ka sha rankwashi. Ya yi masa a kasuwa, ya yi masa a bakin masallaci, ya taɓa yi masa ranar da ya je zance. Muka shiga lissafa tsofaffin matatsa, kowanne sai mu tarar yana da wani a gida da ya dame shi haka: uwa, ko kaka, ko yaya. Waɗanda aka kawo salkarsu kuwa, yawancinsu ba su da kowa a sana'ar. Tankari ya daɗe yana kallon igiyar hannunsa.

Ya ce, "Ita ma uwarta ba ta daɗe ba."

Na ce, "Ana maganar jama'a ne."

Ba a soke Wunin Faɗi ba, don ba a soke abin da ake raba waina a cikinsa. Amma tun daga makon nan Tankari ya fara tara sababbin da safe, ya nuna musu ƙulli biyu ko uku, ya kore su. Ya bar su su manta. Sannan ya bi su da igiya a aljihu, ya tare su a rijiyar gari, a kasuwa, a gidan suna. Da suka fara iyawa, ya rataye su a reshen tsamiya, aka tara ƙaiƙayi a ƙasa, matan unguwa suka kewaye su da faifai suna fifita, wasu na watsa musu ruwan wanki. Shi kuma yana ihu, "Igiya ta fara tsinkewa! A'a, iska daga ƙasa! Tsawa a gabas!" ba tare da wani tsari ba, kowa ya zaɓi ƙullin da ya dace ko ya sha ƙaiƙayi.

Sun tsane mu. Suka aika wakilai cewa 'yan bara wuni ɗaya suka yi suka gane komai, su kuwa kullum ji suke ba su iya ba. Tankari ya ce su je su tambayi 'yan baran, waɗanda suka samu.

Wata rana yarinyar ta shigo gida da ƙaiƙayi har cikin kitso, ta dire mini tuwo da ƙarfi.

"Baba, wai wannan wahalar daga ina ka kwaso mana ita?"

"Ilimi na je nema. Ban san za ta shafi kowa ba."

"Yau sau nawa ina faɗowa, duk unguwa na dariya."

"A wane ƙulli?"

"Kunkuru."

"Madalla," na ce wa tuwon. Ta fita tana ƙunƙuni. Da yamma na hango ta wajen turken shanya, tana ɗaure igiyar wanki da ƙullin aiki, harshe a waje. Na koma ɗaki, don ƙurar ƙasar nan ta biyo ni har gida.

Manyan gajimare suka iso. Aka yi Wunin Faɗi, aka ci waina, gari ya waye suka hau. Duk Rataya na ƙasa, kai a sama. Ni na fito ne don duba yanayin taurari, da hantsi.

Aiki ya yi nisa, salkuna sun fara nauyi, sai tsuntsaye suka yi shiru. Ƙura ta tashi daga kwari ta miƙe sama. Iska daga ƙasa. Igiyoyi suka yi bulala, na ga mutane na lilo kamar tufafin shanya. Can ƙarshen igiya ta gabas, inda ta fi kowace nisa, na ga ƙafafun yarinyar sun bar madogara, ta juye, hannu ɗaya kawai ke riƙe.

"Tabawa!"

An ce har tsauni na uku an ji. An ce na maimaita. Ni ban san wanda ya ƙirga ba.

Ban ga lokacin da ta yi ƙullin ba. Na ga dai hannunta ya zagaya, ya koma, ya ja, sai ga ta a dunƙule jikin igiya kamar kunkuru a cikin ƙoƙonsa, iska na wucewa ta kanta. Na duba sauran igiyoyin. Ko'ina ƙananan kunkuru ne, a jere, suna jiran iska ta gama fushinta.

A shekarar nan ba a kai salkar kowa gidan iyayensa ba. Kowa ya kawo tasa da kansa. Tankari ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, ya ce rana ce ta dame shi.

Yarinyar ta zo ta durƙusa a gabana, tafin hannunta duk ya sale, ta tsiyaya mini ruwan farko a ƙoƙo.

"Ban tuna komai ba, Baba. Kaina fayau yake. Hannuna ne ya yi."

"Haka ake so, in ji masana."

"Kuma na ji an kira sunana."

"Iska ce."

"Muryarta irin taka."

"Iskar garin nan ba ta da kunya."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi irin na uwarta. Na sha ruwan. Na ce ya yi daidai, bai yi kauri ba, bai yi ruwa ba, ta ce ai ruwa ne, Baba.

Labari ya bazu. Dattawan gari suka ce wannan ilimi bai kamata ya tsaya ga matatsa ba. Suka tara maƙera da magina da masaƙa da duk mai koyar da wani abu, suka ce in bayyana musu sirrin gaba ɗaya. Na ce a raba shi kaɗan-kaɗan, a bar kwanaki a tsakani. Suka ce mutane na da ayyuka, a yi shi wuni ɗaya a huta. Na yi musu bayani daga fitowar rana har faɗuwarta, ban rage komai ba. Na ce, "Kun gane?" Suka ce sun gane, ba su taɓa jin jawabi mai daɗinsa ba. Aka raba waina.

Bayan 'yan kwanaki na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar abin da suka riƙe. Dukansu sun tuna na yar da takalmi.